Gemun Papa

Laraba, 23 ga Fabrairu, da yamma

Yau ranar maza, ba makaranta. Kamar kowace shekara, 'yan ajinmu duk safa ko kumfar aski suka saya wa iyayensu. Ni ma kumfar aski na saya wa Papa, na ɗaura wa gwangwanin jan ƙyalle. Da ya gani ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi, don gemunsa ya riga ya rufe maɓallin wuyan rigarsa.

Bari in rubuta dalilin gemun, kada wata rana jikata ta ga hotonmu ta ɗauka limamin coci ne. Papa da abokan aikinsa ƙwaƙwalwar kwamfuta suke zanawa, 'yar aba da ba ta fi farcen babban yatsa ba. Su zane kawai suke yi. Injin da zai iya ƙera ta babu shi a ƙasarmu, sai a aika zanen wata masana'anta a wani tsibiri can gabas, a zauna jira. To a kamfaninsu akwai al'ada tun kafin a haife ni: daga ranar da zane ya tafi, duk mazan sashensu da ke hawa na huɗu na benen babu mai sa reza a fuska har sai ta dawo cikin kwali, an dasa ta a kwamfuta, ta rubuta gaisuwarta ta farko. Ranar ake kiran mai aski har ofis, mata su kawo kek. Wanda ya yi aski kafin nan ya cire rai ke nan, kuma kowa zai gani a fuskarsa.

Wadda suke jira yanzu, sunanta na gaskiya haruffa ne da lambobi. Mama ce ta sa mata Auta, wai ƙanwata ce, kuma ta fi ni samun lokacin ubana. Ina aji biyu Papa ya fara ta.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko ƙawata Dilya. A kusurwar Auta akwai tsuntsuna. Na zana shi ina ƙarama, mai jan ƙirjin nan da ke zuwa tagarmu lokacin sanyi. Papa ya ɗauka ya ƙanƙantar da shi ya sa a gefen zanen, inda babu komai. Ya ce silin gashi ya fi shi kauri, sai da madubin ƙara girma ake ganinsa. Wata mai zuwa za su iso, ita da shi.

Mama ta ce, “Gleb, ranar da ka aske wannan tsintsiyar zan sake aurenka.”

Ya ce, “To ki fara guge farar riga, Rita.”

Kaka ta ce su ji kunyar yarinya. Ni kuwa na shige ɗaki da littafina. Na kai inda kyaftin ɗin jirgin ruwa ya fara ganin 'yar mai gadin fitilar bakin teku. Hularsa kawai ya cire mata.

Alhamis, 24 ga Fabrairu, da safe

Mama ta tsaya gaban talabijin da butar shayi a hannu har ruwan ya huce, ana nuna tankokin sojojinmu suna tsallaka iyaka. An ce in tafi makaranta. Na tafi.

Asabar, 26 ga Fabrairu, da rana

Babu mai kiran abin da sunansa. A gida “wannan abin” ake cewa. A makaranta jiya wani ya yi tambaya, malamar tarihi ta ce mu buɗe shafi na gaba.

Papa in zai amsa waya sai ya shiga banɗaki ya kunna famfo. Ban san wa yake ɓoye wa ba, mu ko bango.

Talata, 1 ga Maris, da yamma

Makon fanke ne, na kafin azumin coci. Kaka ta soya tuli guda, sirara yadda Papa yake so, da kirim mai tsami. Ɗaya ya ci. Mutumin da bara suka yi gasa da Kawu Marat, baban Dilya kuma abokin aikinsa, har Kaka ta ce fulawarta ta ƙare su tashi su ba ta wuri.

A kan tebur ya faɗa mana. An riga an ƙera Auta. Tana cikin kwali a wani sito a tsibirin, amma an hana ta fitowa zuwa wajenmu saboda takunkumin da aka sa wa ƙasarmu. Masana'antar ba ta ce a'a ba, ba ta ce e ba, ta dai daina amsawa.

Mama ta ce, “Har yaushe?”

“Kwana biyu ne. Veniamin Osipovich yana neman hanya.” Shi ne shugabansu.

“Veniamin Osipovich ko hanyar gidansa sai matarsa ta nuna masa.”

Babu wanda ya yi dariya, har ita.

Ina ta tunanin tsuntsuna a cikin kwali, cikin duhu. Na san shirme ne. Zane ba ya jin duhu.

Juma'a, 4 ga Maris, da yamma

Babu labari daga tsibiri.

Lahadi, 6 ga Maris, da hantsi

Ranar neman gafara. Kaka ta dawo daga coci ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, “Ka yafe mini, ki yafe mini,” muna amsa mata, “Allah ya yafe, ni ma na yafe.” Da aka zo kan Mama da Papa, sun faɗa wa juna, amma ita tana kallon tukunya, shi yana kallon waya. Ko mai sayar da tikitin bas ta fi su sa rai a magana.

A littafina kyaftin ya tafi teku. Ta ce za ta jira. Shafi ɗaya kawai jiran ya ɗauka.

Talata, 8 ga Maris, da yamma

Ranar mata. Papa ya shigo da furanni ya miƙa wa Mama. Na gani kafin ta gani: guda huɗu ne. A wajenmu adadin da ya rabu biyu daidai makabarta ake kai wa. Mutumin da aikinsa lissafi ne tun safe har yamma.

Kaka ta yi wuf ta zare ɗaya ta ce, “Wannan nawa ne, ai ni ma mace ce, Glebka, ko ka manta wa ya haife ka?”

Mama ta sa ukun a ruwa. Ta ce ta gode. Daga baya na ji ta a waya da Anti Vera, yayarta da ke birnin Almaty a maƙwabciyar ƙasa, muryarta ƙasa-ƙasa. Da na shiga kicin sai ta koma zancen yanayi.

Alhamis, 10 ga Maris, bayan makaranta

Babu sukari a shago. Kaka ta ja ni layi don kowane kai a ba shi leda ɗaya. Wata mata ta taka mini ƙafa, ni na ba ta haƙuri. Haka nake. Dilya ta ce ko mota ce ta buge ni zan ce wa direba sannu.

Kaka ta cika tagogi da irin tumatir a cikin robobin madara. Ita dai komai ya faru, tumatir sai ya shiga ƙasa a watan Mayu.

Na gaji, kuma ban yi komai ba.

Litinin, 14 ga Maris, da yamma

Na ga Kawu Marat a tashar bas ban gane shi ba. Wani mutum na gani mai farar haɓa kamar an ɓare ƙwai, ya ɗaga mini hannu, na sunkuyar da kai don ba na kallon baƙin maza. Sai da ya ce, “Tasya, ba gaisuwa?”

Ban san me na amsa ba. Idona a kan haɓarsa kawai. Ya lura, ya ja mayafin wuyansa ya rufe.

A aji na zauna kusa da Dilya har aka fita hutu. Ita ta fara.

“Kin gan shi ko? Kamar jaririn da aka sa wa kwat.”

“Dilya, tafiya za ku yi?”

“Almaty. An ba shi aiki. Kada ki yi mini wannan fuskar ta 'yan matan littattafanki, ba mutuwa zan yi ba.” Can kuma ta ce, “Ya daɗe a banɗaki kafin ya yi. Mamana ta hana mu buga ƙofa.”

Ban gaya wa Papa na gan shi ba. Ai a ofis ɗaya suke.

Laraba, 16 ga Maris, da yamma

Kawu Marat ya zo. Sun zauna a kicin, ni ina ɗakina da littafi a buɗe, ƙofa ma a buɗe. Ban karanta ko layi ɗaya ba.

Ya ce, “Akwai gurbin aiki gare ka a can, Gleb. Na yi musu maganarka. Ba irin aikinmu ba ne, ƙananan abubuwa ne na mitar wuta da makamantansu, amma ana ƙera su, ana riƙe su a hannu.”

Papa ya ce, “Mitar wuta.”

“E, mitar wuta. Ka fi ƙarfinta ne?”

“Sanyi bai dame ka a haɓa ba?”

“Yana damuna. Kai kuma miya ba ta maƙale maka a gemu?”

A da irin wannan maganar dariya suke yi. Yau ƙarar cokali a kofi kawai na ji.

Papa ya ce, “Tana nan, Marat. An ƙera ta. Ba mafarki ba ce, tana cikin kwali. Yaya zan tafi in bar ta?”

“Ba kai ka bar ta ba. Ba za ta zo ba ne, kuma ka sani.”

Da zai tafi Papa ya raka shi har bakin lifta, amma ko sau ɗaya bai kalli fuskarsa ba. Takalmansa yake kallo.

Asabar, 19 ga Maris, da rana

Mama da Papa sun yi faɗa. Ba zan rubuta duka ba.

Mama in tana son Papa “Gleb” take cewa, in ta yi fushi sai ta haɗa da sunan mahaifinsa kamar a ofis. Yau “Gleb Ignatyevich” na ji tun daga farko har ƙarshe.

Abin da ta ce wanda zan iya rubutawa: ɗalibanta na kiɗan fiyano rabi sun tafi. Anti Vera tana da ɗaki. Ba za ta zauna ta ga 'yarta tana koyon rufe baki a aji ba, yarinyar da dama ba ta magana. Za ta tafi da ni farkon Afrilu, ko da shi ko babu shi.

Abin da ya ce: idan kowa ya watse, ranar da kwalin ya iso wa zai buɗe?

Sai ta ce, “Kana da 'ya ɗaya mai numfashi. Zaɓi.”

Akwai abin da ta ƙara bayan nan. Shi ne ba zan rubuta ba.

Kaka ta shigo ɗakina da robar tumatir wai tagata ta fi samun rana. Ta daɗe tana gyara mata zama. Sannan ta ja ƙofa ta fita.

Lahadi, 20 ga Maris, da safe

Papa a kujerar falo ya kwana. Ƙafafunsa sun fi ta tsawo.

Talata, 22 ga Maris, bayan makaranta

Yanzu duk inda na bi a garin nan haɓar maza nake kallo. A bas, a shago, a gaban kamfani. Na san mutanen hawa na huɗu tun ina ƙarama, daga bukukuwan sabuwar shekara. Yau na ga biyu da sabon aski. Ɗaya har da 'yar auduga a inda ya yanke.

Kowace safiya ina shiga banɗaki in duba gwangwanin kumfar aski. Yana kan kanta, jan ƙyallen a ɗaure yadda na ɗaura.

Ga abin da yake gajiyar da ni. In na ga ƙyallen a ɗaure sai in ji daɗi, don Auta ba ta mutu ba. Kafin in gama wanke baki sai in tuna ma'anarsa: ba zai bi mu ba. Ban san wanne nake roƙo ba. A littattafai mutum abu ɗaya yake so, shi ya sa suke da daɗin karatu.

Juma'a, 25 ga Maris, da yamma

Papa ya manta maganin hawan jininsa. Mama ta ajiye a kan tebur, ni na fahimta na ɗauka na kai masa.

Hawa na huɗu ya yi shiru. Tebura da yawa an kwashe, sai shatin kofi a kan katako. Veniamin Osipovich ya fito, gemunsa fari fat, ya ce, “Taisiya Glebovna, kin girma. Kin zo ki ƙwace mana shi ne?” Wasa yake yi. Na ji kunnuwana sun yi zafi, na ce magani na kawo.

A tsakiyar ɗakin akwai wani koren allo cike da wayoyi, an gama haɗa komai, sai wani gurbi mai kusurwa huɗu a tsakiya, babu komai a ciki. An rufe gurbin da hankici don ƙura. Papa ya ce nan ne gadonta. Kullum da safe yana gwada sauran kayan, ya tabbatar lafiyarsu ƙalau.

Ya ce, “Zo ki gani, 'yar tsuntsuwa.” Rabon da ya kira ni haka tun kafin wannan abin.

Ya buɗe zanen a kwamfuta. Kamar gari ne in ka hango shi daga sama, tituna da unguwanni, launi-launi. Ya yi ta matsowa, titi ya zama layi, layi ya zama lungu, har muka kai wata kusurwa da babu komai. Ga tsuntsuna nan. Ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, yadda na zana. Bai gyara ba.

Na ce, “A na gasken ma yana nan?”

“A kowace ɗaya. Dubbai.”

Ban yi kuka ba. Hancina ne kawai, saboda sanyin waje.

Na so in ce, Papa ka taho da mu. Maganar ta zo har bakina. Abin da ya fito shi ne, “Ka sha bayan abinci.”

Lahadi, 27 ga Maris, da yamma

Su Dilya sun tafi. Ta bar mini safar hannunta, wai can ba sanyi sosai. Ƙarya take, na duba.

Babu labari daga tsibiri.

Laraba, 30 ga Maris, da yamma

Mama ta sayi tikitin jirgin sama. Asabar ta sama, tara ga Afrilu. A gabansa ta faɗa, muna cin miyar kabeji.

“Uku na saya. Na ukun, ruwanka. In kujerar ta tafi babu kowa zan ɗora jakata a kai.”

Papa ya ce, “Gishiri ya yi daidai yau.”

Na gama littafin kyaftin. Ya dawo, ba shakka. Jirgin ƙasa zai tashi da ita, ya biyo da gudu a kan dandamali, hularsa ta faɗi. Na karanta wurin sau biyu ban ji komai ba. Papa ko bas ba ya bi da gudu, sai ya ce wata za ta zo.

Asabar, 2 ga Afrilu, da rana

Muna ninke kaya da Mama. Ta ce littattafai biyar kawai zan ɗauka, sauran Kaka ta ajiye. Can tana ninke rigar sanyi ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, “Ke yake ji. Ki yi masa magana.”

Na ce to.

Na same shi a falo yana kallon taga. Na tsaya. Ya juyo ya ce, “Mene ne?” Na ce ko zai ƙara shayi. Ya ce e. Na haɗa masa.

Na gaji da kaina.

Talata, 5 ga Afrilu, da yamma

Yau Kaka ta yi magana. Tana ba tumatir ruwa da ƙaramin cokali, Papa ya shigo kicin, ni ina wanke kofuna. Ba ta kore ni ba.

“Glebka, ni ba inda za ni. Kabarin ubanka yana nan, gonata tana nan, kuma ban yarda da ruwan wani gari ba. Amma kai ka bi matarka.”

“Mama, ba ki gane ba.”

“Ni ce ban gane ba? Lokacin da tsohuwar ƙasarmu ta watse kana ɗan makaranta, ubanka ya yi ta zuwa masana'antarsu kullum da abincinsa a jaka, yana goge injinan da babu mai kunnawa. Shekara nawa? Har aka zo aka auna su a kan sikeli aka sayar. Ni na zauna da shi bayan nan. Na san yadda mai gadin abin da ba ya zuwa yake komawa.”

Ya ce, “Wannan daban ne.”

“Haka shi ma ya ce. Matsa, ka tare wa shukata haske.”

Alhamis, 7 ga Afrilu, da yamma

Na yi wani abu.

Tunda bakina ba ya aiki, na shiga banɗaki na sauko da gwangwanin daga kan kanta. Na ajiye shi a bakin famfo, daidai gaban buroshinsa, na ɗora rezarsa a gefe. Ba yadda za a yi ya wanke baki bai taɓa shi ba.

Tun da na fito nake da-na-sani. Kamar na je tsibirin da kaina na ƙara wa kwalin ƙusa. Na tashi zan mayar, na ji Mama ta shiga. Ta daɗe. Da ta fito ta kalle ni, kuma ba ta taɓa shi ba.

Akwatuna biyu a bakin ƙofa. Nasa yana saman kabad, da ƙura.

Juma'a, 8 ga Afrilu, da hantsi

Ban je makaranta ba, babu wanda ya ce in je. Zan rubuta yadda ya faru a jere, don kada in manta ko in ƙara masa ado.

Na ji ya shiga banɗaki. Famfo bai yi ƙara ba. Shiru, shiru, har na fito na tsaya a lungu. Bai rufe ƙofar duka ba, ina ganinsa ta madubi.

Ya kwance jan ƙyallen a hankali, ya ninke, ya sa a aljihun rigar barcinsa. Ya girgiza gwangwanin. Ya shafa kumfar a kan gemun gaba ɗaya, bai ma fara ragewa da almakashi ba, kamar wanda ya manta yadda ake yi. Ya ɗauki reza ya kai kusa da kunne. Sai ya tsaya a haka. Idanunsa ne kawai a waje, kuma ban taɓa ganinsu haka ba. Na samu abin da na roƙa, na ji kamar in nutse cikin ƙasa.

Mama ta wuce ta gabana da tawul a kafaɗa, ta tura ƙofar.

Ya ce, “Zan yi, Rita. Ki ba ni minti ɗaya.”

Ta karɓe rezar daga hannunsa ta ajiye a kan kanta. Ta jiƙa tawul ɗin ta fara goge kumfar, da ƙarfi, yadda take goge mini fuska ina ƙarama.

“Me kike yi?”

“Tsaya cak. Cewa na yi ka taho. Ban ce ka binne Auta ba.”

“Wanda ya tafi askewa yake yi. Haka ake yi.”

“Wa ya ce? Ka'idarku ta ce wanda ya cire rai. Ka cire?”

Ya kalli kansa a madubi. Sannan ya ce, “A'a.”

“To. Gemu ba ya buƙatar tikiti. Ka jira ta a can, sito ɗaya ne, daga nan da can duk nisa ne.”

“Marat zai kashe ni da tsiya. Za su ce limami kika auro.”

“Su ce. Ɗaga haɓa, akwai saura a wuya.”

Ya ɗaga. Ta ci gaba da gogewa ko da kumfar ta ƙare. Sai ya jingina goshinsa a kafaɗarta, gemun ya jiƙa mata riga. Ita da ta ce tsintsiya ce. Babu wanda ya cire hula, babu wanda ya yi gudu. Na koma ɗaki a kan yatsun ƙafa.

Ba a jima ba na ji yana jan kujera don ya sauko da akwati daga saman kabad. Ya yi atishawa sau uku.

Juma'a, da yamma

Ya je ofis ya dawo. Ya ce Veniamin Osipovich ya daɗe yana kallon gemun, sannan ya ce bai taɓa ganin an yi haka ba, amma bai ga inda aka hana ba. Ya yi alkawari shi zai riƙa canza hankicin da ke kan gurbin. In kwali ya iso zai kira, ko ina muke.

Na ce, “Zai iso?”

Papa ya ce, “Ban sani ba, 'yar tsuntsuwa.” Karo na farko da bai ce kwana biyu ba.

Asabar, 9 ga Afrilu, da rana, a filin jirgi

Kafin mu fita Kaka ta ce a zauna zaman hanya, yadda ake yi a wajenmu kafin doguwar tafiya. Muka zauna duka, ni a kan akwati, Papa da Mama a kujerar da ta yi masa gajarta, Kaka a kan 'yar kujerar kicin da hannayenta a cinya. Ba a magana a wannan zaman, shi ya sa tun ina ƙarama nake son sa. Na kalli robobin tumatir a taga. Sun yi ganye huɗu-huɗu. Wa zai ɗaukar mata su zuwa jirgin ƙasan da ke kai ta gona a watan Mayu? Ban tambaya ba.

Ita ta fara tashi. Ta ce, “To, Allah ya kiyaye.” Ta ja gemun Papa kamar igiyar ƙararrawa ta ce ya riƙa taje shi, kada ya ba ta kunya a garin mutane. Ba ta raka mu ƙasa ba, wai gwiwa. Daga cikin mota na hango ta a taga, tsakanin shukokin.

Jami'in da ya duba fasfo ya kalli hoton Papa, ya kalli Papa, ya sake kallon hoton. Mama ta ce, “Shi ne, yana ciki.”

Yanzu suna zaune gefena. Ita ta rufe ido, shi yana riƙe da jakarta a cinya. Na gaji har ƙashina. Ban buɗe sabon littafi ba.

Gwangwanin yana cikin akwatina, tsakanin littattafai biyar ɗin. Na zaro jan ƙyallen daga aljihun rigar barcinsa na sake ɗaurawa. Na duba gindinsa kafin in sa: an rubuta zai kai shekara uku bai lalace ba.